Tarin Da Na Goge

Gidan da nake zaune yanzu a unguwar Safa ta Jidda gida ne mai kyau, amma shirunsa ya yi yawa. Hawa na uku ne, tagogi kullum a rufe, ba abin da kunne ke ji sai gurnanin mukayyif yana sanyaya ɗaki. Maƙwabciyata da ƙofarta ke kallon tawa, mun daɗe tare, har yau ban san yadda take dariya ba. Kwanakin baya ina falo ina tsintar shinkafa, jikata Amani tana kwance a kujera da waya a bakinta, tana yi wa ƙawarta saƙon murya. Ta yi magana, ta saurara, ta ɓata fuska, ta goge. Ta sake, ta goge. Sau huɗu na ƙirga, don ƙirga abu hali ne da ban rabu da shi ba tun ina yarinya. Na tambaye ta me ya sami na farkon. Ta ce, da guntuwar Hausarta, "Sitti, atishawa na yi a ciki. Kuma muryata mu hilu, ba daɗi." Na ajiye farantin a cinyata, na daɗe ban tsinci ƙwaya ɗaya ba.

A Nuzla aka haife ni, can kudancin Jidda, lokacin da lungunanmu ba su san kwalta ba. Unguwa ce da ake sanin lokaci da kunne. Da sassafe mai ruwa zai shigo da jakinsa yana buga gefen tanki da ƙarfe. Sai ka ji mai tamis yana manna gurasa a jikin tanderu, ana ƙwanƙwasa ludayi a bakin tulun wake. Da hantsi turame su ɗauka, gida ya amsa wa gida. La'asar ta mai balila ce, dafaffen waken Larabawa, yana jan kiransa kamar ba ya son ya ƙare. Katangunmu na bulo ne da langa-langa, ba sa riƙe sirri. Idan wata ta yi tari a gida na uku, Ummi za ta ɗaga kai daga wanki ta ce, "Hajiya Rabi ce, sanyin nan bai sake ta ba," ta ƙulla citta da kanumfari ta aika mata. Ba wanda ya koya mana wannan. Mun tashi ne mun ga ana gane mutum da takunsa da gyaran muryarsa tun kafin ya yi sallama.

Ni kuwa a cikin wannan hayaniya na tashi marar magana. Baƙo na shigowa sai in shige bayan labule da littafina. Ina makarantar 'yan mata a lokacin, kuma ba na ja layi sai da rula. Baba yana aiki a wani sito a Khumra, yakan kawo min tsofaffin mujallun Larabci da aka zubar, ni kuma in yanke shafin tambayoyi in liƙa a wani littafi na musamman: me ya sa albasa ke sa hawaye, me ya sa in wani ya yi hamma na kusa da shi ma sai ya yi, me ya sa ƙafa ke mutuwa in an daɗe a zaune. Saboda wannan littafin Kaka ta sa min suna Ustaza, ba kuma don girmamawa ba.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Da ƙafa ta zo ƙasar nan, ita da kakanmu, ta hanyar Sudan, suna tafiya suna yada zango su yi aikin gona su ƙara gaba, har aka haifi Baba a hanya. Sana'arta suyar gyaɗa da sayar da kuka da daddawa a bakin titi. Hausarta cike take da yalla da halas, Larabcinta kuma cike da Hausa, kuma da kowanne ta iya zagi. Tana da wata dariya da duk Nuzla ta sani. Daga ƙirji take tasowa, ta girgiza kafaɗunta, sannan ta ƙare da gajeren tari guda biyu, ta ce, "Kai, kai, kai." Mutum ɗaya ta baro a gida, a wani ƙauye na ƙasar Daura, ƙanenta Ilu, wanda ta bari ko gemu bai fara ba. Shekara arba'in da wani abu ba ta ji ɗuriyarsa ba. Sai wata shekara wani ɗan kasuwa, Alhaji Sule, da yake zuwa kowane aikin Hajji, ya tsaya sayen daddawa. Ta ji harshensa, ta riƙe masa hannun riga ta yi ta jero tambayoyi. Ashe ƙauyensu na kusa da nasu. Ya ce ya san Malam Ilu, yana nan da rai, sai dai idonsa ya tafi.

A wancan zamani wasiƙar mutanenmu kaset ce. Ƙauyuka ba waya, tsofaffi ba karatun boko, amma kowa yana da kunne. In an sauko daga Arfa, alhazai suka taru a Jidda suna jiran jirgi, kowane gida a Nuzla sai an fito da rikoda. Za ka ji ana tsawa, "Ku yi shiru, ana ɗauka!" kuma ba wanda ke yin shirun. Ana gamawa a rubuta suna a jiki, a ɓalle ɗan haƙorin da ke bayan kaset don kada wani ya ɗauki waƙa a kai, a naɗe a leda, a ba alhajin garinku. Amsa kuwa sai baɗi, in Allah ya kai mu. Yaran yanzu in saƙonsu ya yi minti biyar ba amsa sai su fara fushi. Mu shekara guda muke jiran "lafiya lau".

Baba ya sayo sabon kaset, ya ajiye rikoda a gaban Kaka, ya ce ni zan riƙa dannawa tunda ni ce mai natsuwa. Kaka ta yi sallama, ta yi 'yan maganganu, ta yi dariya ta yi tarinta. Na mayar da baya na kunna don a ji ko ya ɗauka. Ta saurara da baki a buɗe.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce, Kaka."

"Ni? Allah ya kiyaye. Wannan ai tsohuwar akuya ce aka shaƙe."

Baba ya riƙe ciki. "Wallahi Inna, ke ce. Haka muke jin ki kullum."

Wannan tambayar tana cikin littafina, don haka na daure na yi bayani, idona a ƙasa. Na ce mutum yana jin muryarsa ta hanya biyu, ta iska da kuma ta ƙasusuwan kansa, ƙashin kuwa yana ƙara mata kauri da daɗi. Sauran mutane ta iska kawai suke ji, rikoda ma haka.

"To, Ustaza," in ji ta, "kina nufin duk duniya an san muryata ban da ni? Shekara da shekaru ina damun bayin Allah da wannan, aka rasa mai tausayin da zai gaya min?"

Kowa ya yi dariya. Amma da aka watse na ga ta zauna tana juya kaset ɗin a hannu. Ta ce, ba da ni take ba sosai, "Ilu da muryar budurwa ya san ni. Ni ke ba da waƙa in ana daka a gidanmu. Yanzu ba ya gani, wannan ce kaɗai zai samu." Tausayinta ya kama ni, kuma a karon farko a rayuwata na ji ina da abin da zan ba wani. Na ce mata zan gyara.

Kwana uku muka yi. Na zauna na rubuta mata jawabi da haruffan Larabci, da irin Hausar da nake ji a rediyo. Na cire yalla, na cire halas, don a ganina mutanen ƙauye ba za su gane ba. Na cire zagi, don bai dace a aika shi ƙetaren teku ba. Na rufe taga, na kashe fanka, muna ta zufa. In karanta jimla, ta maimaita, in tsayar. In ta yi tari sai in mayar da baya in goge. In ta yi dariya in goge. In jakin mai ruwa ya yi kuka a waje, mu sake daga farko. Ita da ba wanda ke juya ta a Nuzla, ta zauna tana bin umarnina, saboda ta yarda mai karatu ya fi ta sani. Abin da ya fito tsaf yake, ba ƙura ba tari. Na rubuta sunan Kaka Ilu a jiki, na ja layi a ƙasa da rula. Ban taɓa alfahari da wani aiki kamar wannan ba.

Shekara ta zagayo. Alhaji Sule ya zo gidanmu bayan an sauko, ya zauna a tabarma, aka kawo masa shayi bai sha ba. Ya miƙa wa Baba kaset, ya ce gara mu ji da kanmu. Muryar wani tsoho ta fito, a hankali, da kukan kaji a bayanta.

"Ni ne Ilu. Saƙo ya iso, na sa an kunna min har batir ya ƙare, aka sayo wani. Baiwar Allahn da ta yi magana, Allah ya saka mata, ta iya gaisuwa. Amma ni ido ne ba ni da shi, kunnena ƙalau yake. Wannan ba Yaya ba ce. Yaya ba ta taɓa gaishe ni sau uku a jere ba tare da ta zage ni ba. Kuma Yaya in ta yi dariya sai ta yi tari biyu, irin na Iya, Allah ya jiƙanta. Na bi kaset ɗin nan gaba da baya, ba dariya, ba tari, ko numfashi babu. Kai ɗan Yaya, in uwarka ta rasu ka gaya min gaskiya, ni ba yaro ba ne. Kada ku sa wata ta yi min muryarta don ku faranta min. Ku bar ni in yi mata sadaka tun ina da sauran kwana."

Alhaji Sule ya ce ya rantse masa ya gan ta da idonsa, tsohon ya ce, "Ka ga wata tsohuwa dai. Ka san fuskar Yaya ne?" Ya ƙara da cewa jikin Malam Ilu ya yi nauyi, ƙafafunsa sun kumbura, tun damina bai fita masallaci ba. Jirginsu kuma jibi zai tashi.

Na tashi na shige bayan labule. Shekara guda na cinye wa mutumin da ba shi da shekaru da yawa, na kuma sa shi makokin mai rai. Ina nan ina kuka ba sauti, yadda na saba, sai Kaka ta yaye labulen.

"Kaka, ni ce na ɓata," na ce.

"Ke kin goge, ni na ce ki goge. Mu biyu muka yi wautar, ni kuma na fi ki, tunda na girme ki." Ta zauna a gefena da ƙyar. "Kunyar tsufa na ji a gaban ƙanena. Shi kuwa tsohuwar yake nema. Kin ji yaron nan? Makaho, a ƙauye, ya kama mu da karatunmu da injinmu." Yadda ta faɗa, alfahari take da shi. "Gobe ki ɗauko akwatin. Amma wannan karon ki danna sau ɗaya, ki mai da hannunki baya."

Da hantsi ta sa na ajiye rikoda a tsakar gida, kusa da kaskon da take suyar gyaɗa da yashi. Na danna, na zauna a kan hannuwana don kada su yi abin da suka saba.

"Kai Ilu! Ilu mai ƙaton kai! Ni ka kashe? Ni da na goya ka har bayana ya kusa karyewa, yau kai ne za ka yi min sadaka? Yalla, buɗe kunnuwan nan naka da kake taƙama da su."

Haka ta yi ta yi. Tana juya gyaɗa tana magana, ludayi na karce kasko. Jaki ya yi kuka, ta ce masa ga ɗan'uwansa nan yana gaishe shi. Hajiya Rabi ta leƙo ta katanga neman gishiri, aka yi hirar gishirin a ciki. Ta tambaye shi tsamiyar ƙofar gida, ko tana nan. Ta tambayi mutane da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, tana cewa in sun mutu Allah ya jiƙansu, don ta san yawancinsu sun mutu. Ta ba shi labarin inda aka binne kakanmu. A nan muryarta ta karye, ta yi kuka, ta fyace hanci da bakin zane, duk a ciki. Gefe ɗaya ya cika, na juya kaset.

Amma ni hankalina yana kan abu guda. Ba ta yi dariya ba. Zagin yana nan, kukan yana nan, amma alamar da tsohon ya ambata da bakinsa babu. Ina kallon zaren kaset ta 'yar tagar rikoda yana raguwa. Na yi mata nuni da hannu, na nuna bakina. Ta gwada, wani busasshen "he he" ya fito, ita kanta ta tsuke fuska. Dariyar ƙarya ba za ta wuce kunnen Kaka Ilu ba, mu biyun mun sani. Zaren ya rage kaɗan, kuma ba wani kaset a gidan.

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, na gyara zama, na miƙe wuya, na sandare fuska yadda Kaka ta yi bara, na ce da muryar mai karanta labarai, jimla-jimla, ina tsayawa inda nake tsayar da ita: "Zuwa ga ƙanena. Abin ƙaunata. Bayan gaisuwa. Ta ban girma. Ina mai farin cikin. Sanar da kai."

Kaka ta saki ludayin. Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Sai ta taso daga ƙirji, kafaɗu suna rawa, hawayen ɗazu bai bushe ba wani ya biyo. "'Yar banza! Ashe kina da baki!" Ta yi tari ɗaya, ta yi na biyu. "Kai, kai, kai." Rikoda ta yi ƙas, ta tsaya.

Ban saurari kaset ɗin ba, don na san kaina. Na ɓalle haƙorinsa, na naɗe a leda, Baba ya kai wa Alhaji Sule a masaukin alhazai.

Wannan shekarar ta fi kowace tsawo a wurina. Kaka ba ta sake ta da maganar ba, sai dai na lura tana ƙirga watanni da yatsu in ta zaci ba mai ganinta. Da Alhaji Sule ya dawo, tun daga sallamarsa ta gane. Ya ce Malam Ilu ya rasu bayan ƙaramar Sallah. Kaka ta yi salati, sannan ta yi tambaya ɗaya: "Ya ji?" Alhaji Sule ya sa hannu a aljihu.

Ɗan Kaka Ilu ya yi dabarar da ban taɓa karantawa a wata mujalla ba. Ranar da za a kunna wa tsohon saƙon, ya aro rikoda ta biyu ya ajiye a gefensa. Don haka abin da muka ji muryoyi biyu ne, ta Kaka daga nesa, tasa a kusa. Tana cewa "Kai Ilu!" ya ce, "Na'am, Yaya," da sauri, kamar yaron da aka kama. Da ta zo kan goyo ya ce, "Ƙarya kike, sau nawa kika goya ni?" Ta tambayi tsamiya, ya ce, "Tana nan, ta fi mu lafiya." Duk sunan da ta kira sai ya amsa, wannan ya rasu, wannan yana nan ya kurmance. Ta yi kuka, ya yi shiru yana jiran ta. Kaka tana zaune a gaban rikoda tana sake amsa masa, har hirar ta zama ta mutum uku, biyu daga ciki ita ce. Can ƙarshe muka ji siririyar muryata tana karanta labarai, dariyar Kaka ta biyo. Sai tsohon ya kama tasa dariyar, doguwa, daga ƙirji, ya ƙare da tari guda biyu.

"Ita ce," ya ce. "Ku fasa sadakar, ita ce. Wace ce yarinyar da ta sa ta dariya? Allah ya yi mata albarka."

Kaka ta miƙo hannu na ba ta kaset ɗin. Ta ɗauki wuƙar yankan kuɓewa ta ɓalle haƙorin da kanta, ta miƙo min. "Ajiye, Ustaza. Ke ce mai adana abu. Amma kada ki gyara."

Yana nan a cikin akwatina har yau, duk da rikodar da zan kunna shi da ita ta daɗe da mutuwa. Ban gyara ba.

Wannan labarin na ba Amani ranar, rabi da Hausa rabi da Larabci. Ta ce sai na yi mata muryar labaran ta ji. Na miƙe wuya na yi mata "Zuwa ga ƙanena," ta faɗo daga kujera, ni ma dariya ta ƙwace min. Ashe ta danna wayarta ban sani ba. Ta kunna min. Na ji wata tsohuwa da ban sani ba tana dariya daga ƙirji, saura kaɗan in tambayi wace ce. Sai ta yi tari ɗaya, ta yi na biyu.

Amani ta ɗora yatsa a kan wayar. "Sitti, akwai kuhha a ciki, tari. In goge?"

Na ce, "Bar shi. Aika wa babanki haka."